Yadda Ake Gano Musabbabin Tsagewar Bim ɗin Kankare da Yadda Ake Gyara Shi

Abin da na fi yawan tararwa idan aka kira ni in duba bim da ya tsage shi ne an riga an cusa wa tsagar siminti, an bi da filasta da fenti, sannan bayan 'yan watanni ta sake buɗewa a daidai inda take, wani lokaci ma ta fi da faɗi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin tsaga ita ce babbar hanyar da bim yake da ita ta nuna abin da ke damunsa, kuma wanda ya rufe ta kafin ya karanta ta ya ɓatar da shaidar da ake bukata wajen sanin ko ginin yana cikin hatsari. Saboda haka aikin yana da tsari wanda bai kamata a juya shi ba: a fara da kare rayuka, a gano dalilin tsagar, a kawar da dalilin, sannan a zo kan cike ta.

Abin da ya wajaba a sani game da yadda bim ke ɗaukar nauyi

Kankare yana da ƙarfi sosai wajen jure matsi, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, kuma wannan rauni ne ya sa ake saka masa rodi. Idan aka ɗora nauyi a kan bim da ke zaune a kan ginshiƙai biyu, tsakiyarsa takan ɗan lotsa, samansa ya matse, ƙasansa kuma ya miƙe, don haka manyan rodin suke kwance a ƙasa. A inda bim ya ratsa ta kan ginshiƙi ya ci gaba, lamarin yakan juya, sama ce ke miƙewa, haka nan a bim ɗin da ya fito waje ba tare da matokari a bakinsa ba, kamar wanda ke riƙe da baranda. Zobban rodi da ake ɗaurawa a tsaye suna kewaye manyan rodin kuwa, aikinsu shi ne hana bim ya yanke a karkace kusa da ginshiƙi, shi ya sa ake matso da su kusa da juna a can.

Daga nan za a fahimci cewa ba kowace tsaga ce aibi ba. Rodi ba ya fara aiki sosai sai kankaren da ke kewaye da shi ya ɗan tsage, kuma ƙa'idojin zane sun yi la'akari da hakan. Ƙa'idar Turai ta Eurocode 2 tana ɗaukar milimita 0.3 a matsayin iyakar faɗin tsaga a yawancin yanayi, Cibiyar Kankare ta Amurka, wato ACI, kuma ta ba da kusan milimita 0.4 a busasshen wuri, 0.3 a wuri mai laima, 0.15 inda ruwan teku ke fantsama, da 0.1 a ginin da ke riƙe ruwa. Sai dai waɗannan alƙaluma sun shafi dorewa da kare rodi daga tsatsa ne, ba su ne ma'aunin hatsari ba. Siririyar tsaga a mugun wuri ta fi faffaɗa a wuri marar illa ban tsoro.

Mataki na farko: a tabbatar bim ba zai faɗo a kan kowa ba

Kafin a ɗauko ma'auni, a tsaya daga nesa a dubi bim ɗin gaba ɗayansa. Akwai alamomin da ba sa jiran bincike: tsaga a karkace kusa da ginshiƙi wadda ta kusa ratsa bim daga ƙasa zuwa sama, kankaren saman bim yana murƙushewa ko yana ɓantarewa a tsakiya, lotsawar da ido ke gani, tsagar da aka ga ta ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙara kamar ta karyewar ice, ko ƙura da tsakuwa suna zubowa daga cikin tsagar. Idan aka ga ɗaya daga cikinsu, a fitar da mutane daga ƙasan bim da samansa, a sauke duk kayan da za su sauku, a kafa tokara, a kira injiniyan gine-gine.

Ita ma tokarar tana da ƙa'ida. Dole ta zauna a kan katako mai kauri wanda zai rarraba nauyi, kuma idan ginin bene ne, ba a tsayar da ita a kan dakin ɗin hawa na tsakiya, wato shimfiɗar kankaren da ke raba hawa da hawa, a tafi, sai an jera wata a daidai ƙarƙashinta har zuwa ƙasa, in ba haka ba an kwashe nauyi daga bim mai rauni an jibga shi a kan dakin da ba a zana shi don hakan ba. A ɗaure ta ta taɓa bim sosai, amma kada a ɗaga bim ɗin da ƙarfin jak ba tare da lissafi ba, domin hakan yakan tsaga samansa inda rodi bai da yawa.

Ba na ɗaukar wannan mataki da wasa. A ranar 15 ga Maris, 2018, wata gadar masu tafiya a ƙafa da ake ginawa a Jami'ar FIU da ke Miyami a Amurka ta rufta a kan motoci, mutum shida suka rasu. An ga manyan tsagogi a jikinta kwanaki kafin faɗuwar, an ɗauki hotunansu, an tattauna a kansu, amma ba a rufe titin da ke ƙarƙashinta ba. Hukumar da ta binciki lamarin ta ce faɗin tsagogin ya ninka abin da aka saba amincewa da shi sau arba'in.

Mataki na biyu: a tone asirin tsagar, a zana taswirarta

Sau da yawa abin da ake gani a filasta ba shi ne abin da ke jikin kankare ba. A sa kurfi da guduma a cire filastar, faɗin tafin hannu a kowane gefe na tsagar, a bi ta har ƙarshenta. Idan ta tsaya a filasta kawai, ko kuma tana bin layin da bim ya haɗu da bulo, matsalar ta kwalliya ce, kuma an huta. Idan ta shiga kankare, a goge wurin da burushin waya, a ɗan fesa ruwa, domin yayin da fuskar ke bushewa ƙananan tsagogi sukan riƙe laima su bayyana kamar zare.

Sai a zana bim ɗin a takarda, gefe biyu da ƙasa, a saka kowace tsaga a wurinta tare da nisanta daga ginshiƙi, tsawonta, karkatarta, da faɗinta a wurare uku aƙalla. Ana auna faɗi da wani kati mai ɗauke da layuka masu kauri daban-daban, wanda ake karawa a kan tsagar har a sami layin da ya yi daidai da ita, ko da ƙaramin madubin ƙara girma mai ma'auni a ciki. A lura ko tsagar ta ratsa zuwa ɗaya gefen, ko bakinta ɗaya ya fi ɗayan tudu, ko akwai jan tabon tsatsa ko farin gishiri-gishiri a kewayenta. A ja igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan a auna lotsawar tsakiya. Iyakar da aka saba amfani da ita ita ce tsawon bim a raba da 250, wato bim mai mita 5 bai kamata ya lotsa fiye da milimita 20 ba, ko da yake ya kamata a tuna cewa wani bim ɗin tun ranar zuba shi katakon ya lotsa, don haka ba nauyi ne ya sauke shi ba.

Tambayoyin da ake yi wa masu ginin suna da muhimmanci daidai da awon. Yaushe aka fara ganin tsagar? An ƙara hawa, ko tankin ruwa, ko bangon bulo a saman bim? An cire wani bango a ƙasansa? An huda shi don wuce da bututu? An taɓa gobara? Kwana nawa aka yi kafin a cire katako bayan zuba kankare? Na taɓa shafe rabin yini ina neman dalilin wata tsaga a karkace, har sai da na sa aka buɗe silin, na tarar an huda bim ɗin kusa da ginshiƙi don wuce da bututun ruwa mai faɗin milimita 100, an yanke zobba biyu, guntayensu na leƙowa a bakin ramin suna sheƙi, tsagar kuma ta taso daga bakin ramin kai tsaye ta nufi sama. Babu wanda ya ambaci wannan huda, domin babu wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Mataki na uku: karanta tsagar

Nan ne zuciyar aikin, kuma wurin da tsagar take da inda ta fuskanta su ne manyan shaidu.

Tsagar lanƙwasa takan fito a tsakiyar bim, a tsaye, ta faro daga ƙasa da faɗi ta riƙa sirancewa yayin da take hawa, kuma ba kasafai take kaiwa sama ba. A kan ginshiƙi da kuma gindin bim ɗin baranda, daga sama take farowa. Idan suna da yawa, sirara, a jere da tazara kusan iri ɗaya, kuma ba sa ƙaruwa, alama ce ta cewa rodi yana aikinsa. Abin damuwa shi ne tsaga ɗaya ko biyu masu faɗi tare da lotsawa, domin hakan yana nuna ko dai rodin ya yi kaɗan, ko nauyi ya wuce kima, ko rodin ya fara miƙewar da ba ta komawa. A bim ɗin baranda, babban abin da ke jawo ta shi ne ma'aikata sun tattaka rodin sama lokacin zuba kankare har ya nutse zuwa tsakiya, inda ba shi da amfani. Alherin da ke cikin wannan nau'i shi ne yakan ba da gargaɗi, bim ya lotsa a gani kafin ya karye.

Tsagar yanka ba ta da wannan alheri. Takan fito kusa da ginshiƙi, a karkace kusan digiri 45, ƙasanta na wajen ginshiƙi, samanta na nufar tsakiyar bim, kuma sau da yawa ta fi faɗi a tsakiyar tsayin bim. Dalilinta ƙarancin zobba ne, ko tazararsu ta yi yawa, ko an yanke su, ko tsatsa ta cinye su, ko an ɗora wani babban nauyi kusa da ginshiƙi. Bim da ya gaza ta wannan hanya yakan yanke farat ɗaya. A shekarar 1955 rufin wani ɗakin ajiya na sojojin saman Amurka a garin Shelbi na jihar Ohayo ya rufta saboda bima-biman ba su da zobba a wurin da suka yanke, kuma wannan ya sa aka sake duba ƙa'idar zane a ƙasar. A ranar 30 ga Satumba, 2006, gadar sama ta De la Concorde a Laval ta ƙasar Kanada ta faɗo ta irin wannan hanya, mutum biyar suka rasu. A ra'ayina, duk tsagar da ta karkace kusa da ginshiƙi, komai sirantarta, ta cancanci injiniya ya yi mata lissafi.

Tsagar murɗa ma a karkace take, amma tana nannaɗe bim kamar igiya: karkatarta a wannan gefe ta saɓa wa ta wancan gefe, alhali tsagar yanka tana fuskantar wuri ɗaya a gefe biyun. Ana samunta a bim ɗin baki wanda baranda ko wani bim ke rataye a gefensa ɗaya.

Tsagar tsatsa ita ce ta fi yawa a tsofaffin gine-gine. Tana kwance ne, tana bin layin rodi a ƙasan bim ko kusa da kusurwa, wani lokaci kuma a tsaye a daidai kan kowane zobe, domin zobba sun fi kusa da waje. Sabon kankare yana da alkali mai ƙarfi, ma'aunin pH ɗinsa tsakanin 12.5 da 13, wanda ke sa wani siririn rufi ya kwanta a kan ƙarfe ya hana shi tsatsa. Abu biyu ke rushe wannan kariya: iskar kabon, wato kabon dayoksaid, da ke shiga a hankali tana sauke ma'aunin zuwa ƙasa da 9, da kuma gishiri, ko daga ruwan teku ko daga yashi da ruwan da aka kwaɓa kankaren da su. Tsatsa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta fito daga gare shi, don haka take turo kankaren daga ciki har ya tsage ya ɓantare. Kusan kullum idan aka fasa za a tarar ba a saka 'yan guntayen da ke ɗaga rodi daga kan katako, waɗanda magina ke kira biskit, ba, rodin ya kwanta a kan katako, kankaren da ya lulluɓe shi bai kai ko milimita 10 ba, alhali ana bukatar 25 zuwa 40 ko fiye gwargwadon yanayin wurin.

Sauran nau'o'in ba su kai waɗannan hatsari ba. Akwai tsagar da ke fitowa a saman kankare cikin sa'o'in farko idan rana da iska sun busar da shi da wuri, ko ya lotsa ya rataya a kan zobba. Akwai ta ƙanƙancewa, wadda ke fitowa bayan makonni ko watanni, a tsaye, da faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, musamman idan an cika ruwa a kwaɓi. Tsagogi barkatai kamar fasasshiyar laka, masu fitar da wani farin danƙo, suna nuna tsakuwar ba ta jituwa da alkalin siminti, kuma sai ɗakin gwaji ne zai tabbatar. Idan kuma tsagar bim ta zo tare da tsagewar bango da ƙofofin da suka daina rufuwa, a duba harsashi, domin ginshiƙi ne ke nutsewa, kuma gyaran bim ba zai yi amfani ba sai an tsayar da nutsewar.

Mataki na huɗu: tana motsi ko ta tsaya?

Amsar wannan tambaya ce ke zaɓar kayan gyara. A ja layin fensir a ƙarshen kowace tsaga a rubuta kwanan wata. A manna ɗan faifan farar ƙasar filasta, kaurin milimita kaɗan, a gicciye a kan tsagar, domin ko yaya ta motsa zai fashe. Abin da ya fi wannan shi ne ma'aunin roba mai fale biyu, ɗaya da layukan milimita ɗaya da alamar gicciye, ko kuma a manna ƙusoshi biyu a gefe da gefe a riƙa auna tsakaninsu da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu. A riƙa awon a lokaci ɗaya na yini, saboda zafi da sanyi suna buɗe tsaga suna rufe ta, a ci gaba mako-mako na tsawon wata ɗaya zuwa uku. Tsagar da ke buɗewa tana rufewa da yanayi daban take da wadda ke ƙaruwa ba ta komawa, kuma ta biyun ce ke nuna dalilin yana nan yana aiki. Wannan jira bai halatta ba ga bim da ya nuna alamomin da aka ambata a mataki na farko sai bayan an tokare shi.

Mataki na biyar: gwaje-gwaje da lissafi

Gwaji mafi sauƙi shi ne ƙwanƙwasa bim da ƙaramar guduma: lafiyayyen kankare yana amsawa da kaifin sauti, wanda ya rabu da rodi kuma yana amsawa kamar ganga, sai a zagaye wurin da alli. Na'urar gano rodi tana nuna inda ƙarfe yake, tazarar zobba, da kaurin abin da ya lulluɓe su. Gudumar Schmidt, wadda injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙiro a 1948, tana auna taurin fuska kawai, don haka ta fi amfani wajen kwatanta wani sashe da wani, ba wajen yanke hukunci kan ƙarfi ba. Na'urar da ke tura sauti ta cikin kankare tana nuna rami da zurfin tsaga. Don sanin inda iskar kabon ta kai, a fasa sabon wuri a fesa ruwan finolftalin, wani sinadarin gwaji mai sauya launi, nan take: inda ya koma ruwan hoda alkali na nan, inda bai canza ba kariya ta tafi, kuma idan sashen da bai canza ba ya kai ga rodi, an sami amsa. Ainihin ƙarfin kankare kuwa sai an yanko ɗan curi da injin huda, daga wurin da babu rodi kuma nauyi bai yi yawa ba, an kai ɗakin gwaji an matse shi.

Da waɗannan ne injiniya zai lissafa abin da bim zai iya ɗauka a halin da yake ciki, ya kwatanta da nauyin da ke kansa. Idan ƙarfinsa ya isa, cike tsaga ko gyaran tsatsa ya wadatar. Idan bai isa ba, sai an ƙara masa ƙarfi ko an rage masa nauyi.

Mataki na shida: cike tsagar da ta tsaya

Ga busasshiyar tsaga wadda ba ta motsi kuma ba tsatsa ce ta jawo ta ba, ana ɗura mata danƙon ifoksi mai ruwa-ruwa, wanda ke iya shiga tsagar da sirantarta ta kai milimita 0.05 ya manne gefe biyun. A goge fuskar, a zuƙe ƙurar ciki da injin zuƙa ko a hura da iskar da ba ta da mai. A manna ƙananan bakunan ɗura a kan tsagar, tazarar da ke tsakaninsu kusan daidai da zurfinta, sannan a shafe sauran tsagar da ifoksi mai kauri, har da ƙasan bim da ɗaya gefen idan ta ratsa, a bar shi ya taurare. A auna kashi biyun danƙon daidai yadda kamfanin ya rubuta, a kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin zafi yana sa shi daskarewa da sauri. A fara ɗura daga baki mafi ƙasa, da matsi kaɗan kuma a hankali, har danƙon ya ɓullo a na sama da shi, sai a toshe na farkon a koma na biyu, haka har ƙarshe. Idan wani baki yana ta sha ba ya ƙoshi, a dakata a duba, akwai rami a ciki ko yoyo a baya. Bayan ya taurare a karya bakunan a goge da giranda, kuma a babban aiki a yanko ɗan curi a kan tsagar a ga ko danƙon ya kai ciki. Safar hannu, tabarau da iska mai ratsawa wajibi ne, domin danƙon yana ƙona fata.

Ya kamata a san iyakar wannan magani. Ifoksi yana mayar da bim yadda yake kafin ya tsage, ba ya ƙara masa ƙarfi, don haka idan nauyin da ya tsaga shi yana nan, sabuwar tsaga za ta fito a gefen tsohuwar. Tsagar da ke motsi da yanayi kuma ba ta shafi ƙarfi ba, ana faɗaɗa bakinta da giranda a cike da danƙo mai laushi wanda ke miƙewa. Wadda ke yoyo ana ɗura mata foliyuretan, wanda ke kumbura idan ya taɓa ruwa, amma shi ruwa kawai yake tsayarwa.

Mataki na bakwai: gyaran da tsatsa ta jawo

Ɗura danƙo a tsagar tsatsa ɓata kaya ne, domin ƙarfen zai ci gaba da kumbura a ciki. Da farko a tsayar da ruwan da ke jiƙa bim ɗin, ko yoyon rufi ne ko na bututu. A kafa tokara, sannan a yanka iyakar wurin da giranda, zurfin milimita 10 zuwa 15, a miƙe kuma da kusurwa, ba tare da taɓa rodi ba, domin facin da bakinsa ya sirance yakan ɓare. A fasa da ƙaramin injin fasa ko kurfi, a bi rodin har a wuce tsatsa a isa tsaftataccen ƙarfe, a kuma rarake bayansa kusan milimita 20, yadda yatsu za su iya zagaye shi. Wannan rarakewa ita ce ma'aikata suka fi tsallakewa saboda wahalarta, alhali tsatsar bayan rodi ce ke dawo da matsalar. Idan ɓarnar ta bi tsawon bim, a yi aikin kashi-kashi, kada a tsiraita rodin gaba ɗaya a lokaci guda.

A kankare tsatsar har ƙarfe ya yi haske, da feshin yashi idan da hali, sannan a auna kaurinsa da kalifa. Ido yana ruɗi a nan: rodi mai milimita 16 da ya koma 14 kamar bai rasa komai ba, amma ya rasa kusan kashi 23 cikin ɗari na ƙarfensa. Injiniya ne zai ce ko a ƙara sabo, kuma idan za a ƙara, sai ya haɗu da lafiyayyen sashe na tsohon da tsawon da ya kai ninki 40 zuwa 50 na kaurinsa, wato santimita 64 zuwa 80 ga mai milimita 16. Kada a yi walda sai da izininsa, domin ba kowane rodi ne ke jure ta ba. Zobban da suka tsinke ma a maye gurbinsu.

A jiƙa tsohon kankaren sosai, a bar fuskarsa ta tsane ba tare da ta bushe ba, domin busasshe zai tsotse ruwan facin. A yi amfani da kwaɓin gyara na musamman wanda ba ya ƙanƙancewa sosai, a fara goga shi da ƙarfi cikin fuskar, a cusa shi bayan rodi, a riƙa ɗorawa hawa-hawa gwargwadon kaurin da aka ƙayyade. Idan ramin babba ne, a kafa katako a zuba kankare mai gudana mai ƙananan tsakuwa. A lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu da leda na kwana 7 aƙalla, daga baya a shafa fentin da ke hana iskar kabon shiga. Inda gishiri ne sanadi, tsatsa takan koma gefen facin bayan 'yan shekaru, don haka ake ɗaura wa rodin ƙananan curin zink a bakin facin, su tsatsar ke ci maimakon ƙarfen.

Mataki na takwas: ƙara wa bim ƙarfi

Wannan aiki ne na zane da lissafi, ba na kintace ba. Hanya mafi sauƙi, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce rage nauyi ko rage tsawo: a sauya wa tanki wuri, a maye bangon bulo da abu marar nauyi, ko a kafa sabon ginshiƙi ko bim ɗin ƙarfe a ƙasa. Idan hakan ba zai yiwu ba, ana yi wa bim rigar kankare: a sassaƙe fuskarsa ta yi kaushi, a huda a dasa guntayen rodi da ifoksi don haɗa tsoho da sabo, a ɗaura sababbin rodi da zobba, a zuba. Ana kuma manna farantin ƙarfe da danƙo da kusoshi.

Zaren kabon, wanda aka fara ƙarfafa gada da shi a 1991 a gadar Ibach kusa da birnin Lucerne a Suwizalan ƙarƙashin jagorancin Urs Meier, ba shi da nauyi kuma ba ya tsatsa. Ana manna shi a tsawon ƙasan bim don lanƙwasa, ko a naɗa shi ta ƙasa da gefe biyu don yanka. Amma ƙarfinsa duka ya dogara ne a kan fuskar da aka manna shi, shi ya sa jagorar ACI ta nemi fuskar ta jure ja na megafaskal 1.4 aƙalla, a cike tsagogin da suka wuce milimita 0.3 tukuna, a kuma goge kaifin kusurwa kada ta yanke zaren. Ba a manna shi a kan rodi mai tsatsa, kuma danƙonsa yana laushi da zafin da bai kai na tafasar ruwa ba, don haka dole bim ɗin ya iya tsayuwa ko da gobara ta cinye zaren. A duk waɗannan hanyoyi, sabon abin da aka ƙara ba ya ɗaukar nauyin da ke kan bim tun kafin a saka shi, sai wanda ya zo daga baya, don haka ake sauke kaya, wani lokaci a ɗan ɗaga bim da jak bisa lissafi, kafin a manna ko a zuba. Bim ɗin da kankarensa ke marmashewa a hannu, ko rodinsa ya miƙe ya lotsa sosai, ko gobara ta gasa shi har ciki, sauya shi ya fi gyara shi.

Mataki na tara: cire tokara da sa ido

Kada a cire tokara sai kayan gyaran sun kai ƙarfin da aka zana, wanda ga kankare na yau da kullum ake aunawa a kwana 28. A sassauta su a hankali, daga tsakiyar bim zuwa ginshiƙai, a bim ɗin baranda kuma daga baki zuwa gindi, ana duban ma'aunin lotsawa a kowane mataki, kuma idan aka ga wata tsaga ta buɗe a mayar da tokarar nan take. A ƙwanƙwasa facin a ji ko ya kama. A jinkirta filasta da silin na wasu makonni, a bar ma'auni ɗaya ko biyu a jikin bim, a duba su bayan wata ɗaya, bayan wata shida, da bayan shekara, sannan a haɗa taswirar tsagogin, hotuna, sakamakon gwaji da sunayen kayan da aka yi amfani da su a ajiye tare da takardun ginin, tare da rubuta iyakar nauyin da aka amince a ɗora a kan wannan bim.